Cin Abinci A Bistro Mai Rangwame A Paris: Tambayoyi Da Amsoshi

Da yawa daga cikin mutanenmu da karatu ko fatauci ko taro ke kaiwa Paris sukan gama kwanakinsu su dawo ba su taɓa ɗanɗana girkin Faransawa ba. Daga shagon kebab sai shinkafar 'yan Senegal a unguwar Château Rouge, sai masauki. Abu biyu ke hana su: tsoron tsada da tsoron alade. Na farko yawanci rashin sanin ƙofar da za a shiga ne. Na biyu kuwa yana da dalili, shi ya sa amsoshinsa suka fi tsawo a nan.

Wai mene ne bistro ɗin nan?

Ƙaramin gidan abinci ne na unguwa. Akwai kanta kusa da ƙofa inda ake shan kofi a tsaye, ga tebura ƙanana a matse har gwiwar hannunka na taɓa ta maƙwabci, ga baƙin allo an rubuta girkin ranar da alli. Sau da yawa mai wurin ne da kansa a bayan kanta. Tsofaffin bistro na Paris da dama mutanen Auvergne da Aveyron ne suka kafa su, 'yan ci-rani daga duwatsun tsakiyar ƙasar da suka shigo birni a ƙarni na 19 suna ga-ruwa da sayar da gawayi. Miji na dakon gawayi gida-gida, matar na shago tana sayar da abin sha da ɗan abin taɓawa. Girkin har yau na cikin gida ne: naman da ya daɗe a wuta, dankali, ƙwai, kifi, miya mai man shanu.

Brasserie ta fi shi girma da hayaniya, kuma tana ba da abinci duk yini. Sai bouillon, wanda shi ne mafi araha a cikinsu.

Da gaske akwai mai araha a birni mai tsada kamar Paris?

Akwai, kuma ba sabon abu ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19 wani mahauci mai suna Pierre-Louis Duval ya fara dafa naman da masu kuɗi ba sa saye, yana sayar da shi da romonsa ga 'yan dako da leburorin babbar kasuwar Les Halles. Abin ya karɓu, wasu suka kwaikwaya, har a wajen 1900 irin waɗannan gidaje, da ake kira bouillon, wato romo, suka kai kusan 250 a Paris. Daga baya suka yi ta mutuwa. Kasuwar ma an tashe ta zuwa Rungis, a bayan gari, a 1969.

Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka rayu shi ne Bouillon Chartier, a lamba 7 kan titin Faubourg Montmartre, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Grands Boulevards. 'Yan'uwa biyu, Frédéric da Camille Chartier, suka buɗe shi a 1896, kuma tun 1989 zaurensa na cikin gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa. Idan ka shiga, duba jikin bango, za ka ga ƙananan durowa na katako masu lamba: a nan masu zuwa cin abinci kullum a da suke ajiye tsumman goge bakinsu. Masu kawo abinci na sanye da baƙar falmaran mai aljihu da yawa da dogon farin zane a ƙugu. Abin da ka ce kana so, a jikin takardar da aka shimfiɗa kan tebur za a rubuta shi, a nan kuma za a haɗa maka lissafi da biro a gabanka.

Bouillon Pigalle, da aka buɗe a 2017 a kan Boulevard de Clichy, shi ya sake tayar da yayin. Bayansa aka samu na République a 2021, Chartier ya ƙara rassa a Montparnasse da Gare de l'Est, ga kuma Bouillon Julien a titin Faubourg Saint-Denis, wanda adon bangonsa kaɗai ya isa a je kallo.

Nawa zan tanada?

A bouillon, mutum ɗaya na iya cin abin buɗe baki da babban abinci da kayan zaƙi a kan yuro 20 ko kusa da haka, in bai sha komai ba sai ruwa. Tunda yuro ɗaya daidai take da sefa 655.957, kuma wannan lissafi bai canja ba tun 1999, mutumin Yamai ko Garwa zai ga abin ya kama sefa 13,000 da 'yan kai. A bistro na unguwa kuma, da rana a ranakun aiki, ana yin abin da suke kira formule: kala biyu a farashi ɗaya, yawanci tsakanin yuro 15 zuwa 25. Abincin nan dai da dare sai ya ƙara kuɗi sosai. Mai son araha ya ci babban abincinsa da rana.

Doka ta wajabta a manna farashi a waje. Ka tsaya ka karanta kafin ka tura ƙofa, ba abin kunya ba ne, 'yan gari ma haka suke yi.

Arahar ba ta nufin abincin ba shi da kyau?

A'a, daga yawa take fitowa. Zaure ne mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, tebur ba ya hutawa, kana tashi wani na zama, kuma abin da ake dafawa ba mai tsada ba ne tun asali: ƙwai, karas, albasa, dankali, kunci da kan maraƙi, cinyar agwagwa. Sai dai kada ka je da tsammanin girkin gasa. Abinci ne na ƙoshi, mai tsabta, ba ado. A ganina ƙaramin bistro na unguwa da ke dafa kala huɗu ko biyar a rana ya fi bouillon daɗin hannu. Bouillon ya fi shi araha da abin kallo.

A ina alade ke ɓuya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin kalmar porc, wato alade, ba kullum take fitowa a takarda ba. Bafaranshe bai ɗauki 'yan gutsattsarin alade da aka barbaɗa a kan salak a matsayin nama ba, kayan ɗanɗano ne a wurinsa, don haka ba lalle ya ambata ba.

Kalmar farko da za ka haddace ita ce lardons. Su ne waɗannan gutsattsarin, kuma suna shiga salade lyonnaise da frisée, da quiche lorraine, da tartiflette, da dafaffen lentilles. Abin da ya fi yaudara shi ne suna shiga bœuf bourguignon da coq au vin, waɗanda sunansu na sa da zakara ne. Sai jambon, wanda ke cikin croque-monsieur. Sai dangin tsiran Turawa da naman gwangwani na gida: saucisse, saucisson, andouillette, rillettes, pâté, terrine de campagne. Boudin noir jinin alade ne aka dafa cikin hanji. Choucroute da cassoulet da petit salé duk ba naka ba ne.

Akwai wasu tarkuna uku da ko wanda ya iya Faransanci kan faɗa. Filet mignon a Faransa kusan kullum na alade ne. Paupiette de veau sunanta na maraƙi, amma ana cusa mata niƙaƙƙen alade, a naɗe ta da kitsensa. Haka tomates farcies, tumatirin da aka cika cikinsa da nama. A kayan zaƙi kuma, waɗanda suka daskare suna rawa kamar panna cotta da bavarois ana yin su da gélatine, wanda galibi daga fatar alade ake samo shi.

Gidajen abinci na ajiye takardar abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, irin su gyaɗa da ƙwai da madara, amma alade ba ya cikin jerin. Sai ka tambaya da bakinka: "Est-ce qu'il y a du porc ou des lardons dedans ?" Wanda bai iya furtawa ba ya rubuta a wayarsa ya nuna. Masu kawo abinci a Paris sun saba da wannan tambaya, da yawansu ma Musulmi ne.

In tafiya ta kai ka Lyon, ka ninka hattara. Gidajen gargajiyarsu da ake kira bouchon kusan a kan alade aka gina su.

Giya fa? An ce wuta na kore ta.

Tana rage ta, ba ta kore ta duka, musamman a miyar da ba ta daɗe a wuta ba. Bourguignon da coq au vin a cikin jar giyar inabi ake dafa su tun daga farko. Moules marinière da miyar kifi mai suna beurre blanc suna da farar giya. Miyar masoro da ake zubawa kan nama, sauce au poivre, yawanci da barasar cognac ake haɗa ta. Romon albasa, soupe à l'oignon, shi ma ya danganta da mai dafawa, don haka a tambaya. Baba au rhum a jiƙe yake sharkaf, crêpe Suzette ma haka, colonel kuma ƙanƙarar lemun tsami ce aka tsiyaya wa vodka.

Ka kuma sani cewa za ka ga kwalba a kusan kowane tebur, kuma a bouillon, inda ake haɗa baƙi tebur guda, tana iya kasancewa a gefen farantinka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan zama ba, ya nemi teburinsa shi kaɗai a ƙaramin bistro da rana, ko ya tafi gidan halal. Babu wanda zai matsa maka ka sha. Ka ce ruwa, magana ta ƙare.

To naman sa da kaza, yankan wa ne?

In ba a rubuta halal ba, ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne. Ƙa'idar mahautan Faransa ita ce a sumar da dabba kafin a yanka, shanu da wata bindiga ta musamman a goshi, kaji galibi da lantarki. An yi togaciya ga yankan Musulmi da na Yahudawa, kuma masallatai uku ne gwamnati ta yarje wa su ba mayanka izini: Babban Masallacin Paris, da na Évry, da na Lyon. Malamai sun saɓa a kan sauran naman. Wasu sun halatta bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta yi maganar abincin Ahlul Kitabi, wasu sun hana saboda yadda ake kashe dabbar da rashin ambaton sunan Allah. Wannan magana ce da ya kamata mutum ya gama da malaminsa kafin ya hau jirgi, ba ranar da yunwa ta kama shi a gaban takardar abinci ba.

Akwai kuma gidaje a Paris da kewayenta da ke girkin Faransawa tsantsa da naman halal, ba giya. A duba tambarin masu tantancewa a ƙofa, irin na AVS. Sun ɗan fi bouillon tsada.

In na bar nama, me ya rage?

Ya rage da yawa. A abin buɗe baki, sarkinsu shi ne œuf mayonnaise, dafaffen ƙwai da mayonis ɗin da aka kaɗa a gidan, wanda a bouillon bai wuce yuro biyu zuwa uku ba. Akwai poireaux vinaigrette, wata doguwar albasa marar kai da aka dafa ta yi laushi aka zuba mata mai da ruwan khal. Akwai gogaggen karas, da céleri rémoulade, da kifin hareng da dankali cikin mai. Masu ƙarfin hali ga escargots, dodon koɗi shida ko sha biyu cikin man shanu da tafarnuwa. Gaskiya man ne daɗin, a dangwala burodi a ciki.

A babban abinci kullum akwai kifi: bar ko daurade gasasshe, saumon, ko brandade, wato busasshen kifin gishiri da aka kirɓa da dankali da man zaitun. A tambayi miyar kawai, in da giya a ce a kawo da lemun tsami. A kayan zaƙi ana iya sakin jiki da crème caramel, riz au lait, île flottante da profiteroles.

Wanda kuma ya gamsu da cin naman, ko ya samu gidan halal, ya gwada confit de canard, cinyar agwagwa da aka dafa a hankali cikin kitsenta har tsoka na barin ƙashi, ko pot-au-feu, naman sa da kayan lambu cikin romo, wanda shi ne jikan abin da Duval ya fara sayarwa. Tête de veau kan maraƙi ne da fatarsa. Wanda ya saba da langaɓu ba zai ji baƙunta ba, sai dai ya ji rashin yaji.

Babu yaji ke nan?

Babu. Gishiri, masoro da moutarde, shi ke nan a tebur. Ƙullin yajinka a aljihu ba laifi ba ne, amma ka fara ɗanɗanawa tukuna, kuma kada ka barbaɗa a idon mai girki.

Me ya sa aka kawo mini nama da jini?

Don ba ka faɗi yadda kake so ba, ko ka faɗi abin da ba ka nufa ba. Matakai huɗu ne: bleu, wanda wuta ta lasa kawai, saignant, ja a ciki, à point, wanda har yanzu akwai ja-ja, sai bien cuit, wanda ya gasu sosai. Mu namu shi ne na ƙarshe, kuma ko shi wani lokaci sai ka ƙara da très a gabansa. Steak tartare kuwa ɗanyen nama ne aka daddatsa aka kwaɓa da ɗanyen ƙwai, ba ya ganin wuta ko kaɗan.

Dole ne in ci kala uku?

Ba dole. Tsarin dai shi ne entrée, wato abin buɗe baki, sannan plat, babban abinci, sannan cuku ko kayan zaƙi, sannan ɗan mitsitsin baƙin kofi a ƙarshe. Kana iya cin plat kaɗai ka tashi. Abin da ba a so shi ne mutum biyu su mamaye tebur a lokacin cunkoso su raba faranti ɗaya. Ka lura kuma, jerin abincin duka carte ne sunansa. In ka ce menu, an fahimci kana son haɗin nan mai farashi ɗaya. Plat du jour, girkin ranar, shi ne yawanci ya fi sabunta kuma ya fi sauƙi.

Ƙarfe nawa ake zuwa?

Bistro na ba da abincin rana daga 12 zuwa 2 ko 2 da rabi, na dare daga 7 ko 7 da rabi zuwa wajen 10. Ka zo ƙarfe 4 na yamma, kofi kaɗai za ka samu, murhu a kashe yake. Da yawa ba sa buɗewa Lahadi ko Litinin, kuma a watan Agusta wasu kan rufe makonni, masu su sun tafi hutu. Wurin da aka rubuta service continu shi ne ba ya tsayawa. Chartier na buɗe kowace rana daga 11 da rabi na safe har 12 na dare.

Mai azumi ya yi lissafi da wannan. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen 10 na dare, daidai lokacin da ƙananan bistro ke kashe wuta. A Disamba kuwa kafin 5 na yamma ta faɗi, ba a ma buɗe ba. A duka biyun bouillon ne mafita.

Sai na ajiye wuri tun da wuri?

A ƙaramin bistro da dare, ya fi kyau ka kira. A Chartier layi ake bi, kuma da daren Asabar yakan fito har titi, amma yana tafiya. Ka je kafin 12 na rana ko tsakanin 3 zuwa 6, ka shige kai tsaye. Wasu daga cikin sababbin suna karɓar ajiye wuri ta intanet. Ko ina ne, ka tsaya a ƙofa a nuna maka wurin zama, kada ka zaɓa da kanka.

Ruwa da burodi na kuɗi ne? Tukuici fa?

Burodi da ruwan famfo suna cikin kuɗin abinci. Amma sai ka ce "une carafe d'eau". In ka ce ruwa kawai, za a tambaye ka mai gas ko marar gas, a kawo na kwalba, a sa a lissafi. Ruwan famfon Paris lafiyayye ne. Burodi in ya ƙare a ƙaro, kuma a kan tebur ake ajiye shi kusa da faranti, a gutsura da hannu.

Ladan mai kawo abinci da haraji duk suna cikin farashin da ka gani a waje. Abin da aka rubuta shi za ka biya. In ka ji daɗin hidima ka bar yuro ɗaya ko biyu. Na'urar katin wasu wuraren 'yan yawon buɗe ido ta fara tambayar kashi nawa za ka ƙara. Ka danna babu in ka ga dama. Ba a kawo lissafi sai ka nema, domin a wurinsu kawo shi ba a tambaya ba kora ce. Ka ce "L'addition, s'il vous plaît."

Ga wani abu da kan ba mutanenmu mamaki. In abokin aiki Bafaranshe ya ce ku je cin abinci, ba yana nufin shi zai biya ba, sai in ya ce "je t'invite". In bai faɗa ba, kowa aljihunsa, kuma mai kawo abinci ya saba karɓar kati huɗu a tebur ɗaya.

An ce ma'aikatansu ba su da fara'a.

Rabin wannan ƙorafi daga rashin gaisuwa yake. Ka shiga ka fara magana ba ka ce bonjour ba, ko bonsoir da dare, ka riga ka ɓata. Kada ka tafa hannu, kada ka yi tsaki ko fito, kada ka ce garçon, wannan ya zama raini. Haɗa ido da ɗaga yatsa da "s'il vous plaît, Monsieur" ko "Madame" ya isa. Mutum ɗaya ne ke riƙe da tebura da yawa, ba zai tsaya hira ba, amma ba zai manta abin da ka ce ba.

Su da hagu suke riƙe cokali mai yatsu. Ni fa?

Ka yayyanka da wuƙa, ka ajiye ta, ka mai da cokalin hannun dama. Ba mai kallonka. In ka gama, ka jera wuƙa da cokali tare a kan faranti, alama ce a ɗauke.

Zan iya shiga da hijabi, da yara?

Za ki iya. Dokar 2004 da ta hana sa alamomin addini irin su hijabi, makarantun gwamnati ta shafa, ba gidajen abinci ba. Abin da dokar 2010 ta hana a wuraren jama'a shi ne rufe fuska, wato niƙabi. Yara ana karɓar su, bouillon ma ya fi dacewa da su saboda hayaniyarsa na rufe tasu, sai dai keken jariri na wahalar shiga tsakanin tebura. An hana shan taba a ciki tun Janairun 2008, amma a teburan waje ana sha. Kada ki firgita in kin ga kare kwance ƙarƙashin teburin maƙwabta. Ki nemi a canja miki wuri.

Ta yaya zan gane tarkon baƙi?

Wanda aka tsayar da mutum a ƙofa yana kiranka, da hotunan abinci a allo, da takarda mai kala hamsin cikin harsuna shida, wuce shi. Ba kicin ɗin da ke dafa kala hamsin. Daga firiza suke fitowa. Lungunan da ke kusa da Saint-Michel da kan tudun Montmartre cike suke da irinsu. Nemi gajeren allo na alli, da 'yan unguwa a zaune ƙarfe ɗaya na rana. Tun 2014 akwai wata alama a takardar abinci, hoton tukunya da rufin ɗaki a kanta, ko kalmomin fait maison, mai nuna a nan aka dafa daga ɗanyen kaya. Ba kowane mai gaskiya ke sa ta ba, amma in ka gan ta alama ce mai kyau. Sau da yawa tafiyar titi biyu ko uku daga inda 'yan yawon buɗe ido ke taruwa ta isa farashi ya sauka.

In abinci ya rage, zan iya tafiya da shi?

Ƙwarai. Da can Faransawa na jin nauyin tambaya, amma tun 1 ga Yulin 2021 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da mazubi ga duk wanda ya nema. Ka ce "à emporter, s'il vous plaît", ko ka zo da robarka a zuba maka.